Zuwa Bakin Teku da Damina: A Tafi, ko a Jira Ruwa Ya Ɗauke?

Duk shekara, da zarar Yuli ya kama, makarantun boko suka shiga jarrabawar zango na uku, sai wata gardama ta taso a majalisun Fagge da rumfunan Kantin Kwari, ta bi 'yan kasuwa har cikin Sabon Gari: shin ya dace magidanci ya kwashi iyalinsa a wannan dogon hutu ya kai su kurmi su ga teku, ko kuwa abin da hankali zai karɓa shi ne ya haƙura har ruwa ya ɗauke? A da, tafiya kudu ta fatauci ce kawai, mutum ya je Ikko ya fito da kayansa daga Apapa, ko ya tsallaka Kwatano ya saro atamfa da leshi a kasuwar Dantokpa, ya juyo bai ko leƙa bakin ruwa ba. Yanzu kuwa 'ya'yan waɗannan fatake, da ma'aikata masu ɗan abin hannu, sun ɗauki tafiyar a matsayin hutawa da buɗe ido, suna zancen Badagiri da Lekki da Wida da Ankara kamar yadda iyayensu ke zancen Tiga da Bagauda. Kuma tun da yake lokacin da yara ke gida ya faɗo a tsakiyar damina, babu makawa sai an yi wannan muhawara.

Ba a banza ta fi zafi a waɗannan unguwanni biyu ba. Fagge tun asali zango ce, filin da ayarin Azbinawa ke sauke raƙuma a bayan ganuwa, har yau kuma nan 'yan canjin Wapa suke, inda mai niyyar Kwatano ko Lome ke mai da nairarsa sefa kafin ya tashi. Sabon Gari kuwa an kafa ta wajen 1913, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, domin saukar baƙin da jirgi ya kawo daga kudu, kuma daga tasharta ta New Road ne manyan motoci ke ɗagawa da yamma su nufi Ikko da Anaca da Fatakwal. Saboda haka kowa a nan, in bai yi tafiyar da kansa ba, to maƙwabcinsa ya yi, kowane ɓangare kuma da gani da ido yake kafa hujja.

Masu goyon bayan tafiya suna farawa da batun lokaci. Suka ce hutun ƙarshen shekara gajere ne, kuma yana zuwa ne daidai lokacin da mutanen Sabon Gari ke ɗunguma gida bikin Kirsimeti, sa'ad da kuɗin mota ke hawa sama, masauki a Ikko ya yi tsada ya yi wuyar samu, hazon hunturu kuma ya rufe Kano har a ɗage tashin jirage, fasinja ya wuni a filin jirgin Malam Aminu Kano ya koma gida da jakarsa. Dogon hutu kaɗai ke ba iyali makonni shida ko fiye, su yi tafiyar da ta kai kilomita dubu, su zauna, su dawo ba cikin gaggawa ba. Ɗan kasuwa ma a nan ya fi samun sarari, gama kowa ya san ciniki yakan yi sanyi a Kwari da damina, sabili da abokan ciniki na karkara sun zuba abin hannunsu a taki da ƙwadago, ba za su waiwayi sutura ba sai kaka. Wanda ya bar rumfarsa a hannun yaro a watan Agusta ya fi ƙarancin asara bisa wanda ya bar ta lokacin da amfanin gona ya shigo, bukukuwan aure suka kankama.

Sa'an nan suka kawo hujjar ilimi, ita ce kuwa ta fi taɓa zuciya. Yaron Fagge tun yana makarantar zaure ake karantar da shi a babin tsarki cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, abin da ke cikinsa halal ne, alhali kuwa mafi girman ruwan da ya taɓa gani shi ne kududdufi ko madatsar Tiga. Suka ce Alƙur'ani ya kwaɗaitar da yin tafiya a bayan ƙasa domin ɗaukar izina, kuma wace izina ta kai yaro ya tsaya a Gberefu, a hayin Badagiri, wurin da ake fitar da bayi zuwa jiragen Turawa, ko ya shiga kurkukun gidan Elmina wanda mutanen Fotugal suka gina a 1482, ko ya ga garin Ganbiye da aka kafa bisa turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe, inda kasuwa ke ci a cikin kwale-kwale? Tafiya mabuɗin ilimi, in ji su, kurmi kuma da damina ne yake nuna kansa sosai, kwakwa da ayaba da kwakwar manja duk sun yi shar tun daga Badun har bakin ruwa.

Masu suka ba su musa ko ɗaya daga cikin wannan ba, sai dai suka ce a dubi abin da magabata suka yi. Madugan da suka riƙa jan ayari daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ba mutanen banza ba ne, su ne suka san hanya fiye da kowa, amma ba su tashi sai bayan kaka, lokacin da rafuka suka janye, mashigai suka buɗe. Talaka ma da ke fita neman kuɗi, sai ya kai amfaninsa rumbu tukuna yake ɗaukar sandarsa. Wannan al'ada, in ji su, gwaji ne na ɗaruruwan shekaru, kuma kwalta da inji ba su shafe dalilinta ba. Suka lissafa abin da ya faru a idon mutanen yanzu: ruwan da aka wuni ana yi a Ikko ranar 10 ga Yuli na 2011, wanda ya cinye unguwanni aka rasa rayuka; ambaliyar Lekki da tsibirin Biktoriya a Yuli na 2017, lokacin da aka ga mutane suna tuƙa kwale-kwale a kan titi, a daidai unguwannin da masu hutu ke sauka; da kuma daren 3 ga Yuni na 2015 a Ankara, sa'ad da jama'a suka fake wa ruwa a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mai ya bi ruwa, wuta ta tashi, kimanin mutum 150 suka halaka. Wani dattijo mai sayar da shadda yakan taƙaita zancen da cewa, “Alhaji, ka biya kuɗin mota, ka biya kuɗin ɗaki, sa'an nan ka zauna kana kallon ruwa ta taga? Ai wannan ko a soronka ka samu kyauta.”

A nan ne masu goyon baya suka fito da hujjar da, a ganina, ta fi kowace nauyi a ɓangarensu, wadda kuma da yawa daga cikin masu gardamar ba su san da ita ba. Suka ce kuskure ne mutum ya auna daminar kurmi da ma'aunin daminar Kano. Mu a nan damina ɗaya gare mu, ta fara a Mayu ko Yuni, ta kai ganiyarta a Agusta, watan marka, ta yi sallama a ƙarshen Satumba. Gaɓar teku daga Ikko zuwa Ankara kuwa damina biyu gare ta: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi tsanani a Yuni, da ƙarama a Satumba da Oktoba, a tsakaninsu kuma akwai wani ɗan sarari, galibi daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, inda ruwa ke sassautawa na tsawon mako biyu ko uku, wani zubin fiye. Sababin haka sananne ne ga masana yanayi. Iskar da ke ɗauko danshi daga teku tana haɗuwa da busasshiyar iskar Sahara, kuma wannan mahaɗa tana tafiya arewa sannu a hankali tun daga bazara, har ta kai ƙarshen tafiyarta a Agusta. Sai gajimaren ruwa ya taru a kan Kano da Katsina da Damagaram, ya bar gaɓa a baya, ruwan tekun kuma a lokacin ya yi sanyi, ba ya tayar da hadari. Shi ya sa Ikko, wadda ke samun sama da milimita 1,500 a shekara, da kusan 300 a watan Yuni kaɗai, ruwan da take samu a Agusta ba ya wuce kimanin sulusin na Yuni. Ankara da Lome ma sun fi haka, domin suna cikin wani yanki mai ƙarancin ruwa, har abin da Ankara ke samu a shekara bai kai na Kano ba, abin da zai ba mutumin Fagge mamaki. Watau wanda ya bar Kano a farkon Agusta ya nufi Kwatano, a haƙiƙa ya fita daga tsakiyar ruwa ne ya tafi gefensa. Duk ranakun musibar da aka lissafa, in ji su, a duba da kyau, Yuni ne da farkon Yuli.

Suka ƙara da cewa zama a gida ba shi ne aminci daga ambaliya ba, gama 'yan Kwari ba su manta da daminar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga layukan kasuwa ya jiƙa diloli, kuma duk wanda ke zaune kusa da rafin Jakara ya san halinsa in an yi ruwan dare. Suka kuma nuna maƙwabta: matan Ibo na Sabon Gari duk shekara suna tafiya garuruwansu taron watan Agusta da suka gada, da yaransu da kayansu, su dawo lafiya, ba wanda ya ce sun yi ganganci.

Masu suka suka ce sun ji, sun kuma yarda sama takan yi haske a Ikko a Agusta, amma mutum ba daga sama zai faɗo Ikko ba. Tsakanin Kano da Ikko akwai Kwara, kuma ko ta ina aka bi sai an tsallake ta, galibi a Jabba ko a kusa da Lakwaja. Ruwan da ya bar gaɓa a watan Agusta a kan wannan hanya yake sauka, a jihohin Neja da Kaduna da Kogi. A watan Yuni na 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Makwa da Jabba, ya yanke hanyar da manyan motocin arewa ke bi zuwa Ilori. Ranar 29 ga Mayu na 2025 ambaliya ta afka wa garin Makwa kansa, fiye da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ɗaya hanyar kuma, ta Abuja da Lakwaja, ita ce ruwa ya rufe a Satumba na 2012, ya sake rufewa a wajen Kotonkarfe a farkon Oktoba na 2022, bayan Kwara da Binuwai sun cika, an kuma saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. Waɗanda abin ya rutsa da su ba sa manta jerin motoci na kilomita da yawa, shanu suna galabaita a bayan tirela, albasa tana ruɓewa a buhu, mata da goyo suna sauka da kayansu a ka suna ciniki da masu kwale-kwale a tsallake da su kan abin da jiya kwalta ne. Babban mutum in shi kaɗai ne zai jure wannan, ya yi ƙasaru ya kwana a gindin mota. Amma wanda ya ɗauko uwargida da yara huɗu, amana ce a wuyansa, kuma ƙa'idar malaman usulu ce cewa kawar da ɓarna ake gabatarwa a kan jawo amfani.

Hujjarsu ta biyu ita ce teku kanta, kuma ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan. Watannin da sama ke lafawa a gaɓa, su ne watannin da teku ke tsananta, domin a lokacin hunturu ne a kudancin duniya, guguwar da ke tashi can nesa cikin Atilantika tana turo manyan igiyoyi har gaɓarmu. A watan Agusta na 2012, cikin wannan sararin da ake yabo, teku ta yi toroƙo da dare a bakin ruwan Kuramo a Ikko ta tafi da mutane fiye da goma. Ko a ranar da take kwance, gaɓar nan tana da ja. Mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa, yana ganin ai wannan ba kome ba ne, igiya ta zo ta buge shi ta wuce, sa'an nan ta juyo. A wannan juyowar ne zai ji yashin da ke ƙarƙashin dugadugansa yana zarewa, ƙafarsa tana nutsewa, babbar rigarsa ta sha ruwa ta yi nauyi, kafin ya gyara tsayuwa ta biyu ta iso. Saurayin da ya iya iyo a kududdufin bayan gari shi ya fi kowa shiga haɗari, domin shi ne zai yarda da kansa.

Sauran abin da suka kawo na lafiya ne da na gida. Ambaliya takan haɗa ruwan sha da na kwata, kamar yadda aka gani a ɓarkewar kwalara a Ikko a Yuni na 2024, baƙo kuma ba ya sanin wace rijiya ko wane mai abinci zai amince wa. A Kano, daidai waɗannan watanni ne ma'aikatan lafiya ke bi gida gida wata wata suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ya yi tafiya kuwa sai zagaye ya wuce ɗansa. Ga gona, domin da wuya ka sami ɗan kasuwar Fagge da ba shi da 'yar gona a Ungogo ko Gezawa ko Minjibir, kuma taki na biyu ba ya jiran mai gona ya dawo daga yawon buɗe ido.

Amsar masu goyon baya a nan gajeruwa ce: a hau jirgin sama, tafiyar awa ɗaya da rabi, an tsallake Makwa da Lakwaja gaba ɗaya, a bakin teku kuma a tsaya a kan yashi, ba wanda ya ce sai an shiga. Masu suka suka mayar da cewa kuɗin jirgi na mutum shida zuwa da dawowa ya cinye duk rangwamen da aka ce ana samu da damina, har da ƙari, don haka wannan amsa ta masu hali ce kawai, su kuwa da ma ba da su ake gardama ba.

To, idan aka tace waɗannan hujjoji da adalci, abin da ya fara bayyana shi ne cewa ɓangarorin biyu sau da yawa ba wata ɗaya suke nufi ba, ba kuma gari ɗaya ba. Mai cewa a tafi yana tunanin Agusta a Badagiri ko Ankara, mai cewa a zauna yana tunanin Yuni a Lekki ko Oktoba a Kotonkarfe, kowannensu kuma ya yi gaskiya a kan abin da yake kallo. Yuni da rabin farko na Yuli, ban ga wata hujja da ta tsaya wa mai kai iyali hutu ba, kuma alhamdu lillahi makarantu ba su rufe ba a lokacin. Kalaba da Fatakwal da sauran gaɓar gabas su ma a fitar da su daga lissafi, gama Kalaba tana samun kusan milimita 3,000 a shekara, sararin Agusta kuma bai cika isa can ba. Mai son ganinta ya jira Disamba, lokacin bikinta. Daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba kuwa hanyar Lakwaja abar tsoro ce, wanda ya yi jinkirin dawowa ya saka kansa cikin abin da yake gudu. Abin da ya rage ana jayayya a kansa na gaskiya ɗan tsakani ne, daga makon ƙarshe na Yuli zuwa makon uku na Agusta, zuwa Ikko da abin da ke yammacinta.

A kan wannan tsakanin, hujjar yanayi tana tare da masu tafiya, kuma al'adar fatake ba ta rushe ta ba, domin su da jakuna suke ratsa rafuka, tun kafin a gama gadar Jabba. Alhassan Ɗantata ma, wanda ya gaji wannan fatauci, da ya ga jirgin ruwa ya samu, ai ɗora goronsa ya yi ta teku zuwa Ikko, bai ce sai hanyar kakanni ba. Amma hujjar hanya da ta teku suna tare da masu zama, kuma ban ji an ba su amsar da ta gamsar da ni ba. Sararin Agusta ɗabi'a ce ta galibin shekaru, wata shekarar ya zo da wuri, wata ya makara, wata ya gajarta har a rasa gane shi, shi ya sa hukumar kula da yanayi ta NiMet ke faɗin hasashensa a cikin bayanin da take fitarwa farkon kowace shekara. Gada kuma ba ta yin sallama kafin ta karye. Inda na tsaya ke nan: ga saurayi ko magidanci shi kaɗai, ko mai halin hawa jirgi, rinjaye yana ga tafiya, ga mai ƙananan yara da zai bi mota, ma'aunin ya yi kusan daidai, kuma abin da zai karkatar da shi yana hannun mai gidan, wato ƙarfin aljihunsa idan kwana biyu suka zama biyar a hanya, da shekarun 'ya'yansa, da ko yana da ɗan'uwa a Agege ko Idi Araba ko Zangon Kwatano wanda zai tarbe shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka yi istihara zuciyarka ta natsu a kan tafiya, ka taka zuwa New Road ka tambayi direban da ya iso da safiyar nan halin da ya baro hanya, ka kira na can su faɗa maka ko ruwa ya sassauta, ka tanadi katin rigakafin shawara in za ka tsallaka Seme, ka tafi da gidan sauro, ka ware kuɗin da ba za a taɓa ba sai larura. Ka yanke ranar dawowa kafin Satumba ta yi nisa. In kuma Allah ya kai ku bakin ruwa, kada ka saki hannun yaro.